Layi Ɗaya a Ƙarƙashin Gidan Tanko

Kun sha tambayata dalilin da ya sa kabarin kakanku yake maƙabartar garin Kafanchan, a tsakanin baƙin ma'aikatan jirgin ƙasa waɗanda ba a san ƙauyukansu ba, alhali a garinmu kowane tsoho a bayan ɗakinsa ake binne shi. Kawunku Bulus yakan ce muku hanya ce ta lalace a daminar. Ƙarya yake yi. Hanya lafiyarta lau, motar citta ta shiga ta fita a makon nan. Ni ce dalili. Tunda ba mai faɗa muku, bari in rubuta da hannuna kowa ya huta.

Da na gama sakandare a Kwoi ban sami wucewa gaba ba, sai na koyi buga tafireta, daga nan na sami aiki a shagon Oga Danladi da ke kusa da tashar jirgi. Da can shi ma'aikacin sigina ne a layin dogo. Da jirage suka daina zuwa sai ya sayi tsofaffin kwamfutoci biyu da firinta ɗaya mai ƙara kamar injin niƙa, muka riƙa buga wa mutane wasiƙu, katin aure da tambayoyin jarrabawa. Mutum ne mai sanyin jiki ƙwarai. In ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya duba agogo sau biyu kafin ya amsa. Ni kuwa kun san ni. Sati ɗaya da zuwana ya raɗa mini suna Madam Sauri, kuma sunan ya bi ni har coci.

Oga ya rubuta wani furogiram da kansa, ya sa masa suna Reshe. Aikinsa tsara rubutu ne. Ka rubuta babban kai, ka tura layin da ke biye ciki kaɗan ya zama ɗansa, shi ma ɗan yana iya samun nasa 'ya'yan, har ƙasa. In rubutu ya yi yawa sai ka naɗe reshe guda ya ɓuya, kai kawai ya rage. In ka ɗaga kai ɗaya ka kai shi wani wuri, duk abin da ke ƙarƙashinsa sai ya bi shi, ba a barin ko ɗaya a baya. Ku riƙe wannan. Oga bai taɓa sayar da Reshe ba. Duk wanda ya kawo disket sai a kwafa masa. Rubutun da ke sa furogiram ɗin aiki, wanda yake kira hanjinsa, ya buga shi a takarda ya ɗaure da igiya ya rataye a bakin ƙofa don kowa ya karanta. Sharaɗinsa ɗaya ne: in ka gyara wani abu, ka dawo da gyaran kowa ya amfana. Akwai wani ɗalibin jami'a ɗan Kagoro da yakan aiko da nasa gyaran a disket ta hannun direban bas, a naɗe cikin leda biyu saboda ruwa. Asabar ɗin ƙarshen wata kuma masu amfani da Reshe sukan taru bayan la'asar a ƙarƙashin mangwaron bayan shago, a karanta abin da kowa ke so a ƙara, a ɗaga hannu, abin da ya fi samun hannuwa shi Oga zai fara yi. Ba mu fi mu goma sha biyu ba. Waɗanda ba su taɓa fashi ba su ne Fasto Bitrus, mai tsara wa'azinsa da shi, da Malam Shu'aibu, malamin firamare, ɗan tsohon gidan 'yan kasuwar Kafanchan, mai tsara darussansa da shi. Su biyun kullum sai sun yi musu, kullum kuma a benci ɗaya suke zama.

A shekarar ne ƙungiyar ci gaban ƙauyenmu ta ga tsofaffin da suka san tushen gidaje suna ta mutuwa, ta ce a rubuta littafin gidaje: kowane gida da wanda ya kafa shi da zuriyarsa. Tunda ni ce 'yar gari mai taɓa kwamfuta, aka ba ni aikin. Na yi murna har na sayi sabon takalmi. Reshe kamar don aikin aka yi shi: gida shi ne kai, 'ya'ya a ƙarƙashi, jikoki a ƙarƙashinsu. Na yi wata uku ina zuwa ƙauye ranar Lahadi bayan sujada, in zauna da tsofaffi, in dawo in shigar. Komai ya tafi daidai har na iso kan kakana Dogara, uban Baba.

An haifi Dogara a Gidan Kure. Yana goye ubansa ya mutu, uwarsa ta sake aure a Gidan Tanko ta tafi da shi. Tsoho Tanko ne ya rene shi, ya ba shi fartanya, ya yi masa aure, ya nuna masa gonar bakin rafi ya ce noma. Dogara ya noma ta har ya mutu, Baba ya gaje ta, cittar gonar ce ta kai ni sakandare. Amma Gidan Kure ba su taɓa sakinsa ba. In an yanka akuya a biki a Gidan Kure, ƙafa tana zuwa gidanmu. In an yanka a Gidan Tanko, wuya yana zuwa. In an yi mutuwa a kowanne, Baba na cikin masu haƙa kabari. Na tambayi tsofaffin nan uku da nake zama da su a ina zan sa shi. Suka dube ni kamar na tambayi wace ƙafa ce tasa.

"Na can ne, na nan ne," in ji babbansu. "Rubuta haka."

Reshe ba ya rubuta haka. Kowane layi uba ɗaya gare shi. Ana iya buga mutum sau biyu, amma Dogara ba shi kaɗai ba ne, zuriyarsa ta cika shafi uku, kuma kowace Lahadi tsofaffi sai sun canza wani abu: wannan ba ɗan fari ba ne, waccan sunanta na baftisma daban. In na kwafa reshen wuri biyu, kowane gyara sai na yi shi sau biyu, in na manta ɗaya littafi ya yi ƙarya. Sai dabara ta zo mini, kuma har yau ina cewa dabara ce mai kyau. A sa Reshe ya iya ajiye layi ɗaya a ƙarƙashin kai biyu, ya bayyana nan ya bayyana can, in ka gyara ɗaya ɗayan ya gyaru da kansa. Na sa mata suna inuwa. Na kai ta mitin ɗin ƙarshen Oktoba ina jin kowa zai tafa mini.

Oga ya saurare ni har na gama, ya cire tabarau ya goge.

"Abu ne mai kyau, Hannatu. Amma wannan ba ƙari ba ne. Sai na kwance zuciyar abin gaba ɗaya na sake ɗinkawa. Wata huɗu, in Allah ya yarda."

"Oga, littafin nan ranar bikin gari za a ƙaddamar, kwana biyu bayan Kirsimeti."

"To ai kin ji."

Fasto Bitrus ya ce shi dai a ƙara wa haruffa girma a bugu, don ranar Lahadi ya tsallake batu na biyu ya faɗa na uku, ikilisiya ta koma gida ba ta san yadda Yunusa ya shiga cikin kifi ba, sai fitarsa kawai ta ji.

"Fasto, ba haruffa ba ne, shekaru ne," in ji Malam Shu'aibu. "Sayi tabarau ka bar Danladi ya huta."

"Kai da kake karanta darasi takarda na taɓa hancinka?"

Aka yi dariya. Sannan Malam Shu'aibu ya kawo nasa, kuma nasa ne ya kashe ni. Ya ce sau uku a watan nan ana ɗauke wuta yana tsakiyar aiki, darasin zango guda ya tafi. A sa Reshe ya riƙa ajiye aiki da kansa bayan kowane 'yan mintoci. Kowa a wurin an taɓa ɗauke masa wuta. Ba wanda yake da kaka mai gida biyu sai ni. Aka ɗaga hannu. Nasa ya samu goma, nawa ya samu biyu: ni da Fasto, shi ma don tausayi.

Na tashi tsaye na ce musu ashe abin kowa da kowa ne sai ranar da talaka ya kawo buƙata. Na ce furogiram ɗin da bai san agola ba bai san ƙasar nan ba. Na faɗi wasu abubuwan da ba zan rubuta ba.

"Hanjin na rataye a ƙofa, Madam Sauri," in ji Oga a hankali. "Ba a hana ki ba. Zauna in koya miki, mu yi tare."

"Wata huɗu?"

"Da ke, wataƙila shida."

Da aka watse Malam Shu'aibu ya biyo ni cikin shago.

"Ƙanwata, kada ki yi fushi. Buga reshen sau biyu. Ranar Juma'a bayan masallaci ba ni da aji, in zo in riƙa karanto miki sunayen kina dubawa, har mu tabbatar sun yi daidai."

Na ce na gode, ba na buƙata. Oga da ke rufe taga ya juyo.

"To ko layi ɗaya ki sa a ƙarƙashin Gidan Tanko, ki ce shi ma ɗan gidan ne. Layi ɗaya, Hannatu. Ba zai ci miki minti ba."

"Ba na faci, Oga. In inuwa ta fito sai a yi bugu na biyu a yi shi daidai."

Yanzu ku ji abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ba fushin mitin kaɗai ba ne. Tun muna firamare 'yan matan Gidan Tanko suke kiranmu jikokin agola a rafi. In an yi faɗa, da shi ake rufe mini baki. Da na zauna gaban kwamfuta a daren... a'a, da rana ce tsaka, ranar Litinin, ina ji a jikina cewa yau ni ke da iko. Na ɗora alama a kan sunan Dogara, wanda na fara sawa a Gidan Tanko tunda can muke zaune, na ɗaga shi na kai Gidan Kure, inda jininsa yake. Duka suka bi shi: Baba, 'yan'uwan Baba, Bulus, ni. Shafi uku suka tashi daga wuri guda cikin ƙiftawar ido. Na duba Gidan Tanko na ga ya rufe bakinsa sumul kamar ba a taɓa cire kowa ba. Na ji daɗi. Na ce a raina, mu ma 'ya'yan gida ne a wani wuri. Ban tambayi Baba ba. Mota ɗaya ce tsakanina da shi, ban tambaye shi ba.

Ranar bikin gari aka ƙaddamar da littafin a filin makaranta, 'yan zumuntar mata suka yi waƙa, ciyaman ɗin ƙungiya ya kira ni gaban jama'a ya ce ga 'yar da ta fitar da mu kunya. Baba ya sayi kwafi ɗaya. Karatunsa na Littafi Mai Tsarki ne, da yatsa yake bi. Da muka koma gida ya zauna a kan turmi ya buɗe Gidan Tanko, ya bi da yatsa har ƙasa, ya koma sama ya sake bi. Mama tana tsaga citta a gefe, ta daina.

"Hannatu, ban ga babana ba."

"Yana Gidan Kure, Baba. Shafi na gaba. Ai can aka haife shi."

Ya buɗe ya gani. Ya daɗe yana kallo.

"Wa ya ce a sa shi nan kaɗai?"

"Injin ba ya karɓar mutum a wuri biyu. Ana gyarawa. A bugu na biyu za a sa."

"Injin ne ya zaɓa?"

Na ce i. Na yi wa ubana ƙarya yana zaune a kan turmi. Ya rufe littafin ya ce to, Allah ya kai mu bugu na biyun. Da na zo tafiya Mama ta raka ni bakin hanya ta ce, "Ke da hannunki kamar wuta. Wata rana sai kin ƙona mu." Na ce Mama kin cika tsoro, takarda ce kawai.

Oga ya cika alkawari. Ya gama na Malam Shu'aibu, sannan ya kwance Reshe ya sake ɗinkawa, ɗalibin Kagoro ya taya shi ta hannun direba, ana gobe Ista inuwa ta fito. A mitin aka gwada, ta yi aiki. Fasto ya sa aya ɗaya a ƙarƙashin batu biyu yana ta murna kamar yaro. Na koma na sa Dogara a gida biyu, na kai wa ciyaman na ce a yi bugu na biyu. Ya ce na farko ma rabinsa na nan jibge a ofis, wa zai sayi na biyu? Na je sau huɗu. A na huɗun ya ce in daina damunsa.

A kakar da ta biyo baya citta ta yi daraja irin wadda ba a taɓa gani ba. Manyan motoci suka riƙa shigowa har ƙauye. Ƙasar bakin rafi da ba wanda ya kula da ita ta zama abin kallo. Ayuba, jikan Tanko na jini, wanda muka yi aji ɗaya da shi, ya kai ƙara gaban dagaci cewa aron gonar aka ba Dogara, ba gado ba, tunda shi ba ɗan gida ba ne. Cikin tsofaffin nan uku biyu sun riga sun mutu, na ukun ba ya gane mutane. Aka tara gari. Baba ya tashi ya yi maganar wuyan akuya, ya lissafa kaburburan Gidan Tanko da ya haƙa da hannunsa. Ayuba bai yi musu ba. Littafin kawai ya ɗaga.

"Ranka ya daɗe, ba mu muka rubuta ba. 'Yarsa ce ta rubuta. Ga ta nan zaune. A duba Gidan Tanko, in an ga Dogara ko da a gefen shafi ne, na janye."

Ko da a gefen shafi ne. Na tashi na ce kuskure ne, na ce furogiram ne, na ce ina da gyararren a disket, har na ciro shi daga jaka na ɗaga. Mutane suka yi dariya. Wani ya ce a ba dagaci ya lasa ya ji. Dagaci ya tambaye ni tambaya ɗaya: da aka buga, wani ya tilasta mini? Na ce a'a. Ya ce Baba ya kwashe cittar bana, daga nan ya bar gonar.

Baba ya je Gidan Kure. Suka karɓe shi da ruwa da girmamawa, suka ce ai ɗansu ne, littafi ma ya faɗa. Amma ƙasarsu an raba ta tun Dogara na yaro, kuma ba a raba da shi ba, tunda a lokacin yana ci a Gidan Tanko. Ba su da ko kunyar noma ɗaya da za su ba shi. Daga shekarar wuya bai sake zuwa gidanmu ba. Ƙafar ma ta zo sau ɗaya ta daina.

Ɗakunanmu a filin Gidan Tanko suke. Ba a kore mu ba, amma aka daina gaishe mu, Baba kuma ba mai zama inda ake kau da kai ba ne. Shi da Mama suka dawo Kafanchan, ɗaki ɗaya a bayan nawa. Mutumin da bai taɓa wuni a zaune ba ya koma kallon titi. Wata rana ya biyo ni shago. Oga ya ba shi kujera ya ce, "Baba, bari ka ga wani abu." Ya buɗe Gidan Kure, ga Dogara. Ya buɗe Gidan Tanko, ga Dogara, da mu duka a ƙarƙashinsa. Baba ya matso da fuska ya bi gilashin da yatsa.

"Yauwa. Haka yake. Ashe injin ya iya."

"Yanzu ya iya," in ji Oga.

"Da can fa, ko suna kawai ba ya karɓa a nan?"

Oga ba ya ƙarya. Ni kawai ya duba. Baba ma ya juyo ya dube ni. Bai yi faɗa ba, da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ɗauki hularsa ya ce wa Oga ya gode, Allah ya yi wa aikin albarka, ya fita. Bai sake tayar da maganar ba har ya mutu, daminar da ta biyo baya.

Bulus ya tafi ƙauye neman wurin kabari. Gidan Tanko suka ce in suka bari aka binne shi a filinsu, gobe 'ya'yansa za su ce ga shaida, a sake tayar da maganar gona. Gidan Kure suka ce mutumin da bai taɓa kwana a gidansu ba, a bayan wane ɗaki za a sa shi? Kwana biyu gawa tana jira. A na uku Fasto Bitrus ya nemo mana wuri a maƙabartar gari. Malam Shu'aibu ya kawo motar ɗan'uwansa ta kaya, ya tsaya a bakin shinge har aka gama. Gidajen biyu duk sun aiko da mutane, sun yi kuka, sun ci shinkafa, sun koma.

Na bar shagon bayan wata biyu. Oga ya ci gaba da mitin ɗinsa har kwamfutoci suka canza, mutane suka koma wasu furogiram, mangwaron ma aka sare. Na ji an ce inuwa ce abin da aka fi so a Reshe har ƙarshensa. Disket ɗin yana cikin akwatina, ba injin da ke karanta shi yanzu. Littafin kuwa yana kowane gida a ƙauye, yara suna haddace shi, kuma duk wanda ya san ba haka ba ne ya mutu, sai ni da Bulus, shi kuma ya zaɓi maganar hanya.

Kada ku zagi Ayuba a gabana, abin da na ba shi ya ɗauka. Kada ku ce injin ne. In kun sami kwafin littafin a ko'ina, ku buɗe Gidan Tanko, ku ɗauki biro, ku rubuta a ƙasan shafin abin da aka roƙe ni in rubuta na ƙi. Kalma shida ce:

Dogara ma ɗan gidan nan ne.